Dalmar Kawu Biran

Ghatshila, watan Afrilu

Kawu Biran,

Assalamu alaikum. Jumaila ce, 'yar ƙanwarka Subaida, wadda ka ce ba za ta taɓa zama mutum ba tunda ƙaguwa ma tana sa ta gudu. Ya jiki, ya gwiwar nan? An ce mini kunnen ya ƙara nauyi har ka daina ɗaga waya, ka ce duk mai son magana da kai ya sayi takarda. To ga shi na saya. Ni lafiya lau, sai zafin garin nan da kewar abincin gida. Kifin kogi suke ci a nan, ko kwakwa ba sa sa masa, kuma wai a haka suke yabon kansu.

Na san dangi sun gaya maka a rami nake aiki. Gaskiya ne. Kullum da safe nakan sa hular kwano in shiga keji tare da masu haƙar ma'adini, ya sauke mu fiye da rabin kilomita. A can aka yanka mana ɗaki a jikin dutse. Abin da muke nema muna kiransa abin duhu. Shi ne mafi yawan abin da ke cikin sammai, amma ba ya haske, ba ya tare haske, yana ratsa dutse da ruwa da ni da kai ba tare da mun ji ba. Sau ɗaya a dogon lokaci ƙwayarsa guda za ta iya gogar wani abu. Mun ajiye ɗan dutse mai sheƙi, girman sabulun wanka, mun sanyaya shi fiye da duk wata ƙanƙara, muna jiran wannan gugar. Ni masu rashin nauyi nake bi a cikin ƙwayoyin, su kuwa taɓinsu ya fi na kowa sauƙi, abu kaɗan ke rufe shi.

Shi ya sa muka gudu ƙasa, muka kuma kewaye dutsen da bangon dalma. Sai dai dalmar ita ma tana da nata surutun. Sabuwa, wadda ba a daɗe da fitar da ita daga ƙasa ba, tana fitar da ɗan tartsatsin da ido ba ya gani, kuma sai shekaru sun tura take yin shiru. Ta bangon waje ba ta dame mu ba. Wadda za ta zauna daf da dutsen ce dole ta zama tsohuwa tukuf.

Nan ne na tuno rumfarka ta bakin ruwa, da curin dalmar nan da muke hawa muna yara, wadda ka ce da ita aka danne cikin jirgin ruwan kakan kakanka don kada ya kife, lokacin yana kai katako Maskat. Lissafinmu ya ce kilo ɗari biyu zai rufe bangon ciki. Kawu, ina jin nauyin roƙon nan, don in ta sauka ramin ba za ta dawo ba. In ka ce a'a, wallahi ba zan riƙe ka ba.

A gaida ɗanka Ashraf da iyalinsa in ya rubuto daga Dubai.

'Yarka,
Jumaila

Beypore, watan Mayu

Jumaila mole,

Wa alaikumus salam. Mole, 'yata, takardarki ta same ni lafiya, gwiwa tana nan tana mulkinta. Na karanta sau uku, na kai wa Velayudan maƙeri ya karanta, don shi kaɗai ne a unguwar nan yake da haƙurin yi mini ihu a kunne. Ya ce a fahimtarsa gwamnati na biyanki albashi ki zauna a rijiya kina jiran aljani ya taɓa sabulu. Na ce masa 'yar Subaida ce, in ta ce akwai abu to akwai shi, uwarta ba ta taɓa ƙarya ba ko a cinikin kifi.

Kin ce kina jin nauyin roƙo. Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Ashraf ya sa rumfar a kasuwa, wasu za su gina wurin shan shayi na masu yawon buɗe ido. Ya ce in koma bene na huɗu a Kozhikode inda za a riƙa duba ni. Ban yi musu ba, yaron yana da gaskiyarsa. Amma ya riga ya yi magana da mai sayen tsofaffin ƙarafa, za a kwashe dalmar a yi batirin mota da ita. Tun da na ji haka abinci ya daina yi mini daɗi. Babana bai sayar ba ko a shekarar da muka ci rogo wata shida, kakana bai sayar ba, ni kuma ban san abin da nake ajiye ta dominsa ba, ajiyewa kawai nake yi. Sai ga takardarki.

Saboda haka ba ke ce mai roƙo ba. Ni ne nake roƙo ki sa ta a wurin nan da kika ce, daf da dutsen, inda ba a sa kowace dalma. Shekara goma ke nan babu wanda ya nemi wani abu a hannuna in ban da sa hannu a takarda.

Na kai ta ma'aunin masu kwakwa an auna. Kada ki damu da komai, sauran aikin nawa ne. Akwai wani direba ɗan unguwarmu da ke kai kaya Jamshedpur, can kusa da ku, da shi za ta zo. Ki riƙa cin abinci, ko da kifin nasu ne.

Kawunki,
Biran

Beypore, watan Yuni

Jumaila mole,

Sallama da fatan kina lafiya. Damina ta sauka da ƙarfinta, rufin kicin na yoyo, amma ni ban taɓa jin ƙarfi irin na makon nan ba. Mota ta tashi jiya da kayanki.

Yanzu zan iya faɗa miki. Da aka auna, dalmar ba ta kai abin da kika ce ba, ta gaza da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ban rubuta miki ba don kada ki ce a bar shi haka. 'Yar gidanmu ba ta neman mudu a aika mata da kasawa. Kuma kin san al'ada, ko da yake ku 'yan boko kun manta: ba a aika wa ɗiya tsohon abu tsurarsa, wannan rabon gado ne, sai ka ce mai bayarwa ya mutu. Dole a ɗora sabo a kai. Ranar da aka kai uwarki ɗakinta da tukunyar tagullar kakarmu, ni na sayo sabon murfi.

Sai na shiga Kozhikode na sayo sabuwar dalma, mafi kyau a kasuwa, mai shagon har rantsuwa ya yi bana aka fito da ita. Na tuna kin ce sabuwa tana da surutu. Na yi tunani a kai sosai. Mu a aikin jirgi, in ka ɗauki sabon yaro mai rawar kai ba ka ware shi gefe, cikin tsofaffi kake jefa shi, kafin a kai tsibiran Lakshadweep ya koyi kame bakinsa. Sabon katako ma in ya shiga tsohon jirgi halin jirgin yake ɗauka. Huɗu tsofaffi, ɗaya sabo, ai sun fi ƙarfinsa.

Muka narka su tare a maƙerar Velayudan. Da kin ga curin nan, baƙi ƙirin da ƙurar shekaru, yana narkewa yana komawa fari kamar azurfa. Velayudan ya yi musu ma'auni da katako, muka zuba, suka fito tubali-tubali kai ɗaya, tunda kin ce bango za a gina. Ya ƙi karɓar ladan aikinsa, ya ce in aljanin ya zo a gaya masa da hannun Velayudan a ciki. Na naɗe kowanne da ƙyallen tsohon filafilin jirgin ruwa. Akwai alewar halwa da soyayyar ayaba a kwalin sama, kada direban ya ce miki bai gani ba.

Ki rubuto ki gaya mini yadda suka zauna.

Kawunki,
Biran

Ghatshila, watan Yuli

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, rufin kuma an gyara. Ni lafiya. Kaya sun iso, takardarka ma ta iso. Tubalan sun yi kyau ƙwarai, kowa ya yaba hannun Velayudan. An sauke su ƙasa. Halwa ta ƙare a yini ɗaya.

Na gode, Kawu, Allah ya saka. Ba sai ka ƙara wahalar da kanka a kan maganar nan ba. Aiki ya yi yawa, zan rubuto in na samu sarari.

Jumaila

Kozhikode, watan Satumba

Jumaila,

Sallama. Ina fata lafiya ce ta sa ki shiru. Ni na tare a benen Ashraf. Daga taga ina ganin rufin asibiti da tankunan ruwa, teku kuwa an ce tana bayan wancan dogon ginin. An rushe rumfa.

Wata biyu ina sauka ƙasa duba akwatin wasiƙu, har mai gadi ya fara tausaya mini yana girgiza kai tun daga nesa. Takardarki ta ƙarshe na auna ta, ko rabin tafin hannuna ba ta kai ba. Wadda ta cika shafi biyu lokacin tana nema, yanzu ta ce kada in ƙara wahalar da kaina. Na fahimta. An karɓi kaya, an sallami ɗan dako. Har na ce wa Velayudan haka 'yan zamani suke, ya ce in ji tsoron Allah, yarinyar tana rami.

To amma ga abin da ya hana ni sukuni. Da muna kwashe kaya daga tsohon gida, maƙwabcina ya kawo mini wata takardarki ta watan Mayu, ruwa ya jiƙa ta, ɗan aike ya jefa ta gidansa bisa kuskure. A ciki kin ce in aiko da dalmar yadda take, ko wanke ta kada in yi, kada a taɓa ta da komai. Da farko na ɗauka ladabi ne, irin na uwarki, wadda in ka tambaye ta ko ta ci abinci sai ta ce ta ƙoshi alhali ba ta karya ba. Amma kin ja layi a ƙarƙashin maganar har biyu. Mai kara ba ya jan layi.

Kin ce an sauke su ƙasa. Ba ki ce an sa su daf da dutsen ba. Ni kurma ne, mole, amma ina karatu. Ki gaya mini gaskiya ko da ba daɗi. Na fi son ta a kan wannan godiyar da kika aiko.

Biran

Ghatshila, watan Oktoba

Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaida kai da sabon wuri, Allah ya sa ka saba, ko da yake na san ba za ka saba ba. Lafiyata ƙalau. Ba sallamarka na yi ba, Kawu. Na fara takardar nan ya fi sau biyar ina yagawa, don ban san yadda ake gaya wa mutum irin wannan ba.

Ba a sa su daf da dutsen ba, kuma ba za a sa ba.

Takardarka ta riga motar isowa da kwana biyu. Na karanta ta a tsaye a bakin keji, da na kai wurin da ka ce kun narka su tare sai na gane abin da ya faru. Duk da haka na sa rai. Na ce ko mai shagon ƙarya ya yi maka, ko tsohuwa ce ya sayar maka da sunan sabuwa, ban taɓa addu'ar a cuci wani nawa ba sai ranar. Muka yanki ɗan guntu muka sa a na'urar gwaji, muka jira mako uku. Mai shagon mai gaskiya ne.

Dalma ba ta koyon hali, Kawu. Surutun yana cikin jikin sabuwar, kuma da kuka narka ya bazu ko'ina, babu tubali ɗaya da ya tsira, babu kuma wutar da za ta sake raba su. Ba a lallashinsa, ba a wanke shi. Lokaci kaɗai ke cinye shi: duk shekara ashirin da biyu rabi ya tafi, sannan rabin abin da ya saura. Kafin ta koma yadda take a rumfarka, sai an haura shekara ɗari.

Ka ce in faɗi gaskiya, to ga sauranta. Na yi kuka a cikin keji, a gaban masu haƙa, har wani dattijo a cikinsu ya miƙo mini ruwa yana tambaya wa ya rasu. Na yi fushi da kai kwana da kwanaki. Mun rufe bangon ciki da jan ƙarfe, na'urar tana aiki, amma taɓin nan mafi sauƙi da na ci burin ji, wanda na yi shekara shida ina shiri dominsa, ba za mu ji shi da wannan bangon ba. Wataƙila wasu a wata ƙasa su riga mu. Wataƙila kuma babu wanda zai ji shi a zamaninmu.

Fushin bai daɗe ba. Ranar da na kwance ƙyallayen na ga yadda ka naɗe kowane tubali, ka ɗaure da ƙullin jirgi, na tuna ni ce na rubuta maka adadi kamar mai ba da oda a shago, ban tsaya na tuna wa nake rubuta wa ba. Na san gidanmu. Na san ba a taɓa ba ni ayaba a hannunka ba tare da ka ɗora ta biyu ba. Shugabar aikinmu, Malama Hembrom, da na ba ta labari ta ce a ƙauyensu ma ba a mayar da kwano wayam, da kawunta ne da abin da zai yi ke nan.

Yanzu tubalan suna jere a wani lungu na ɗakinmu. Abu biyu ne. Za a iya sa su a bangon waje tare da sauran dalma, su yi aiki tun yau, ba wanda zai bambanta su da na kasuwa. Ko kuma in nemi mota in mayar maka. Naka ne, kai za ka zaɓa. Ni dai kada ka daina rubuto mini, babu mai ce mini mole a garin nan.

'Yarka,
Jumaila

Kozhikode, watan Nuwamba

Jumaila mole,

Wa alaikumus salam. Jiki da sauƙi. Takardarki ta zo, na gode da ba ki rage komai ba.

Na hau bas na je Beypore na kai wa Velayudan. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce shi ne ya hura wutar. Na ce ni na sayo. Muka zauna a bakin maƙera har shayi ya huce ba wanda ya sha. Abin da mutum huɗu suka tsare, kakan kakana da ɗansa da kakana da babana, ba su san me suke tsarewa ba amma ba su taɓa shi ba, ni da aka gaya wa amfaninsa na ɓata shi tsakanin azahar da la'asar. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Abin da ya fi ci mini rai ba dalmar ba ce, shekarunki shida ne. Ki yafe mini, mole. Na so in cika miki mudu ne.

Na yi tunani a kan zaɓin da kika ba ni. Kada ki dawo da ita. Nan bene na huɗu ne, Ashraf zai kira mai batir kafin a gama sauke ta. Bangon waje kuma ban yarda ba. Ba don girman kai ba. In ta shiga cikin na kasuwa ta ɓace ke nan, ranar da aka rushe bangon za a auna ta da kilo tare da su.

Kin ce lokaci yana cinye surutun, kuma ba ya buƙatar a yi masa komai. To wannan aikin mun iya shi a gidanmu. Ki roƙar mini Malama Hembrom ta bar mata lungun nan da take, ko wani ramin da ba a amfani da shi, inda ruwa ba ya zuba. A rufe ta a bar ta. Velayudan ya tambaye ni ko nan da shekara ɗari za a ci gaba da neman aljanin. Na ce in an same shi za a nemi ƙaninsa, mutane irinki ba sa ƙarewa. Wata za ta zo, mai taurin kai, tana neman tsohuwar dalma ido rufe, sai a ce mata akwai wata a lungu.

Abu ɗaya nake so ki yi da hannunki. Ki samo ƙusa ki karce a jikin tubalin sama, ba a takarda ba, takarda tana jiƙewa. Ki sa watan da shekarar da aka narka, don ta san daga inda za ta fara ƙirga. Ki sa cewa kada a ƙara mata komai, ki ja layi biyu. A ƙasa ki sa sunana cikakke, Biran ɗan Kunhamed na Beypore. Velayudan ya ce a sa nasa, na hana, shi wuta kawai ya hura. Ina so yarinyar nan ta san wanda ya sa ta jira, ta kuma san ba da mugunta ya yi ba.

Ki rubuto ki gaya mini in kin karce.

Kawunki,
Biran